Ƙarfin Numfashi da Ƙarfin Karatu: Abin da Ya Haɗa Filin Wasa da Sakamakon Jarrabawa

Da zarar ɗalibi ya shiga ajin ƙarshe na sakandare, abu na farko da ake yankewa daga jadawalinsa shi ne wasa. A makaranta a mayar da lokacin PHE, wato darasin motsa jiki da kiwon lafiya, na lissafi ko na Turanci, a gida a ɓoye ƙwallo, uba ya ce, "Kai, wasa ya ƙare, WAEC ce a gabanka." Niyyar mai kyau ce, kuma a ido lissafin daidai yake: awa ɗaya da aka ƙwato daga fili awa ɗaya ce da aka ƙara wa littafi. Sai dai ƙwaƙwalwa ba buhu ba ce da za a yi ta ɗura mata karatu gwargwadon tsawon zama. Sashen jiki ce kamar sauran. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da kuzarin da jiki ke ƙonawa idan yana hutawa. Jini ke kai mata wannan kaso, zuciya ke tura jinin, huhu ke cika shi da iska.

A leƙa wani aji a Birnin Kebbi ko Jega da ƙarfe sha biyu da rabi na rana a watan Afrilu. Zafi ya haura digiri 40, kwanon rufi ya sha rana, ɗalibai sun cika benci huɗu-huɗu. Malam yana warware lissafi mai matakai biyar a allo. Kafin ya kai mataki na uku, wani ya kifa kai a kan hannunsa, wata tana fifita da littafin rubutu, wani kuma idonsa ƙur a kan allo amma tun a mataki na biyu aka baro shi. Da safe duk sun fahimci irin wannan lissafin. Abin da ya ƙare musu yanzu shi ne juriyar riƙe hankali wuri ɗaya, kuma wannan juriyar tana da saiwa a jiki.

Wane ƙarfi ake nufi?

Kalmar "ƙarfi" a Hausa tana ɗaukar abubuwa da yawa. Akwai ƙarfin damtse, na mai cicciɓar buhun shanshera ya ɗora a mota. Akwai kuma ƙarfin numfashi, na wanda zai yi gudun minti goma sha biyar bai tsaya yana haki ba. Na biyun ne bincike ya fi ɗaure shi da karatu.

Hujja mafi girma a kan matasa daga Swidin ta fito. A 2009 masu bincike suka fitar da nazarin bayanan samari kimanin miliyan 1.2 da aka haifa tsakanin 1950 da 1976, waɗanda aka auna jikinsu da basirarsu suna da shekara 18, lokacin shiga aikin soja na dole. Masu ƙarfin numfashi sun fi cin gwajin basira, ƙarfin damtse kuwa bai nuna irin wannan alaƙa ba. Waɗanda ƙarfin numfashinsu ya ƙaru tsakanin shekara 15 da 18 sun fi waɗanda nasu ya ja baya. Wani zai ce ai ɗan mai hali ne ke samun abinci mai kyau da makaranta mai kyau da filin wasa, don haka arziki ne ya haɗa su. Tambaya ce mai ƙarfi. Shi ya sa masu binciken suka koma kan 'yan uwa da tagwaye, waɗanda gidansu ɗaya, tukunyarsu ɗaya, kuma alaƙar ba ta ɓace ba.

Yadda abin ke aiki a ciki kashi biyu ne: akwai na nan take, akwai na tarawa. Na nan take shi ne, bayan motsi matsakaici jini yana ƙara gudu zuwa ƙwaƙwalwa, sinadaran da ke farkar da hankali suna ƙaruwa, mutum ya ji ya wartsake na ɗan lokaci. A Jami'ar Ilinoyi ta Amurka, a 2009, an sa yara 'yan shekara 9 zuwa 10 tafiyar minti 20 a kan injin tafiya, sannan aka gwada su. Sun fi riƙe hankali, sun kuma fi fahimtar abin da suka karanta, fiye da ranar da aka sa su zama kawai. Wannan fa'idar ba ta kwana. Kamar yayyafa wa tsakar gida ruwa ce, an jima ƙasa ta shanye.

Na tarawa shi ke buƙatar makonni da watanni. Motsin da ke sa numfashi ya hau yana ƙara wani sinadari da ake kira BDNF, wanda aikinsa a ƙwaƙwalwa kamar na taki ne a gona: yana taimaka wa ƙwayoyinta su rayu, su yi rassa, su haɗu da juna. Inda ya fi tasiri shi ne wani ɗan sashe mai suna hifokamfas, mashigar sabon karatu, wanda ke karɓar abin da aka koya yau ya shirya shi don ajiya. Sai kuma gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, mai kula da abubuwa uku da kowane malami ya san su ko da bai san sunansu ba: riƙe lambobi a kai yayin da ake ci gaba da lissafi, danne son waiwaya idan an yi motsi a taga, da sauya hanya idan ta farko ta ƙi ɓullewa. Wannan sashen ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara ashirin. Ɗan sakandare yana tsakiyar ginin ke nan.

A nan ya kamata a ja linzami, domin wasu masu sha'awar wasanni suna wuce gona da iri. Gudu ba ya koyar da lissafi. A Norwe an yi gwaji a makarantu 57 da yara 1,129 'yan shekara 10, aka ƙara wa rabinsu motsa jiki na wata bakwai. Da aka duba su gaba ɗaya, makinsu bai fi na sauran ba, sai dai waɗanda suka fi rauni a lissafi tun farko sun ɗan ɗaga. Wani gwajin a ƙasar, wanda aka fitar a 2021, ya shafi ɗalibai fiye da 2,000 'yan shekara 14 a makarantu 30. An ƙara wa wasunsu awa biyu ta motsa jiki a mako, suka ɗan zarce takwarorinsu a lissafi da karatu. Tazarar ƙarama ce. Ba za ta mayar da F9 ta koma A1 ba, amma ga wanda ke lilo tsakanin D7 da C6, ƙaramin abu shi ne kiredit. Abin da ya fi fitowa fili a irin waɗannan gwaje-gwajen kuwa shi ne, lokacin da aka ba motsa jiki bai jawo wa maki faɗuwa ba. Tsoron da ke sa a soke PHE a ajin ƙarshe ba shi da tushe.

Matasa iri biyu a aji ɗaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsi matsakaici zuwa mai ƙarfi a kowace rana, da kwana uku a mako na motsi mai tsanani da wanda ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Ƙididdigarta ta 2016 ta nuna kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika wannan, mata kashi 85, maza kashi 78. Amma wanda ya kwaso wannan shawarar ya juye wa duk ɗaliban Kebbi a faifai ɗaya ya yi kuskure, domin ajinmu yana ɗauke da matasa iri biyu masu matsala daban-daban.

Na farko ɗan birni ne. A kai shi makaranta a mashin ko Keke Napep, ya zauna awa shida, ya dawo ya tafi Islamiyya ya zauna awa biyu, ya wuce lesin, da dare waya ko gidan kallon ƙwallo. Ya san sunan kowane ɗan wasan Turai, amma rabon da ya yi gumi a fili tun hutun da ya wuce. Wannan shi ne shawarar minti 60 ta dace da shi kai tsaye.

Na biyu ɗan fadama ne, a wajejen Argungu ko Suru ko Bagudo ko Yauri. Kafin ya iso aji ya yi ban-ruwa a gonar shinkafa, ko ya duba koma, ko ya kora dabbobi. 'Yar uwarsa ta yi surfe, ta ja guga, ta ɗora bokiti a ka. Uwa za ta ce, "Malam, wane motsa jiki kuma? Ai yarinyar nan ba ta zama." Tana da gaskiya rabi. Daka da jan ruwa da tafiyar ƙafa mai nisa duk motsi ne, kuma suna shiga lissafi. Amma aikin gona na wuni guda, a duƙe, cikin rana, ba hutu, ba isasshen ruwa, yana gajiyar da jiki fiye da yadda yake gina numfashi, domin zuciya ba ta hawa sosai, kuma jiki ba ya samun lokacin gyara abin da ya lalace. Ginuwar jiki a lokacin hutu take faruwa, bayan an wahalar da shi. Irin wannan ɗalibin idan aka ƙara masa zagayen fili biyar da safe, an ƙara wa Barno dawaki. Buƙatarsa ita ce a duba jininsa, da cikinsa, da barcinsa.

Maganar jini ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce gadar da ta haɗa numfashi da karatu, kuma a Kebbi gadar tana da ɓaraka da yawa. Sinadarin himogulobin shi ke ɗaukar iska a cikin jini. Idan ya yi ƙasa da giram 12 a kowace desilita ga budurwa, ko 13 ga saurayin da ya kai shekara 15, an shiga ƙarancin jini. A takardar asibiti, inda aka fi rubuta PCV, wannan ya zo daidai da kusan 36 ga mace da 39 ga namiji. Mai ƙarancin jini yana haki da wuri a fili, yana gyangyaɗi da wuri a aji, sai a kira shi malalaci a wurare biyun. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini.

Abubuwan da ke zuƙe jinin a nan sanannu ne. Zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba: a binciken ƙasa na 2021 Kebbi ce ta fi kowace jiha, kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar, kuma sauron da ya ciji ƙane bai bar wansa ba. Sai tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan gulbi da tafki da gonar shinkafa, alamarta jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai inda ake ɗaukar ta alamar balagar namiji, alhali tsutsa ce a jijiyoyin mafitsara, kuma maganinta, firazikwantel, sau ɗaya ake sha gwargwadon nauyi ko tsawon yaro. Sai tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa, dalilin da ya sa buga ƙwallo ba takalmi a wurin da ake bahaya ba ƙaramar kasada ba ce. Ga 'yan mata kuma akwai jinin al'ada kowane wata, shi ya sa budurwa 'yar shekara 14 zuwa 18 take buƙatar miligiram 15 na ayon, wato sinadarin ƙarfe mai gina jini, a rana, saurayi 11.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Hanta ko nama ko kifi idan an samu, wake, zogale, alayyafo, rama, gero. A haɗa da abu mai tsami-tsami kamar lemo ko gwaba ko tumatir ko garin 'ya'yan kuka, domin yana taimaka wa hanji ya tsotsi ayon. Shayi akasin haka yake yi, don haka a raba shi da abinci da kamar awa ɗaya. Gwajin PCV ɗaya a farkon zangon karatu ya fi bulala goma amfani ga ɗalibin da kullum ke barci a aji. Ƙwayar ƙarin jini kuwa sai da izinin ma'aikacin lafiya, musamman ga mai sikila, wanda ƙarancin jininsa ba na rashin ayon ba ne.

Barci kuma ba a cika lissafa shi ba. Ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Wanda zai tashi sallar asuba wajen biyar da rabi, ya kamata tara da rabi ta same shi a kwance. Wasan Zakarun Turai a lokacin hunturu sai kusan sha ɗaya yake tashi, a yi musu a hanya, a iso gida a ɗauki waya. Awa biyar da rabi ke nan. A cikin barci ne hifokamfas ke kwashe karatun rana ya kai rumbu, don haka karatun kwana da Nescafé ko goro yana zuba hatsi ne a buhun da ba a ɗinke gindinsa ba. Rabin sinadarin kofi yana nan a jini bayan kamar awa biyar. Ɗaya daga cikin hanyoyin da motsa jiki ke taimakon karatu ita ce yana sa barci ya zo da wuri, ya kuma yi nauyi. Ƙailular minti 20 zuwa 30 bayan azahar tana rage giɓin, amma ba ta cike shi.

Yadda ake auna, da yadda ake ginawa

Ba a buƙatar na'ura. Ma'auni mafi sauƙi shi ne baki: idan ɗalibi yana motsi yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa, motsin matsakaici ne. Idan kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin ya ja numfashi, ya kai mai ƙarfi. Idan yana tafe yana hira yana dariya har da waƙa, yawo yake yi.

Wanda ke son lamba, ya cire shekarun yaro daga 220, ya sami kimanin ƙololuwar bugun zuciyarsa a minti ɗaya. Ɗan shekara 15 ke nan 205. Matsakaicin motsi yana tsakanin kashi 60 da 75 cikin 100 na wannan, wato bugu 123 zuwa 154. A tsayar da shi, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga na daƙiƙa 15. Idan an samu 31 zuwa 38, ana kan hanya. Daga 40 zuwa sama an shiga mai ƙarfi. Kuskuren da aka fi yi shi ne jinkiri: idan aka bari minti ɗaya ya wuce kafin a fara ƙirga, bugun ya riga ya sauka. Na biyu shi ne ƙirgawa da babban yatsa, wanda shi kansa yana da nasa bugun.

Don sanin ko ɗalibi yana ci gaba, gwajin minti 12 ya wadatar. A auna kewayen filin makaranta da igiya mai sanannen tsawo, kada a yi kirdado. Cikakken filin ƙwallo mai mita 105 da 68 kewayensa mita 346 ne, amma filayen makarantu da yawa ba su kai haka ba. A raba aji biyu, rabi na gudu rabi na ƙirga wa abokansu zagaye. Wanda ya gaji ya yi tafiya, kada ya zauna. A rubuta nisan kowa, a maimaita bayan mako takwas, a lokaci ɗaya na safiya. Kowa da lambarsa ta baya za a gwada shi. Ranar da aka liƙa jerin na ɗaya zuwa na ƙarshe a bango, ranar aka rasa masu ƙiba da masu rauni, waɗanda su ne suka fi buƙatar abin.

Ga wanda ya daɗe bai motsa ba, kwana uku a mako ya isa farawa. Mako biyun farko gudun minti 1, tafiyar minti 2, sau shida. Mako na uku da na huɗu gudun minti 2, tafiyar minti 1, sau bakwai. Na biyar da na shida gudun minti 4, tafiyar minti 1, sau biyar. Kullum a fara da tafiyar minti biyar don jiki ya ɗumama. Mai zumuɗin da ya zuba minti 40 a ranar farko zai kwana uku yana ɗingishi, ya ce abin ba nasa ba ne. Canji yana bayyana a mako shida zuwa takwas, kuma yana zubewa cikin 'yan makonni idan aka daina. Wannan ne ya sa atisayen mako biyu na gasar inta-haus, sau ɗaya a shekara, biki ne kawai, ba ya barin komai a huhu.

Minti 60 ɗin ma ba dole a yi su a zama ɗaya ba. Tafiyar sauri ta minti 20 zuwa makaranta, wato kamar kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu, minti 10 na guje-guje lokacin tara, minti 30 na ƙwallo ko keke bayan la'asar, an cika. Uban da ya sauke ɗansa daga mashin kilomita ɗaya kafin ƙofar makaranta, inda hanya ke da tsaro, ya rage kuɗin mai ya kuma kai yaro aji a farke.

Darasin PHE kansa yana da ɓarnar da ba a gani. Minti 40 ne a takarda. Goma sun tafi wajen fitowa da jera layi da kiran suna. Gem masta ya jefa ƙwallo ɗaya, ƙarfafa ashirin da biyu suka shiga, sauran arba'in suka koma gindin dogonyaro, 'yan mata suka zauna a baranda. A cikin masu wasan ma mai tsaron gida da 'yan baya tsaye suke. Idan aka raba filin nan huɗu da duwatsu ko takalma, aka yi biyar-biyar, mutum arba'in suna gudu lokaci ɗaya, kowa yana taɓa ƙwallo, bugun zuciya ba ya sauka. Inda ƙwallo bai isa ba, langa tana nan, ba ta cin ko sisi, kuma duk wanda ya taɓa riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle ya san yadda take fitar da numfashi. Abin da ya kamata a raba shi da fili gaba ɗaya shi ne horo. Makarantar da ta mayar da tsallen kwaɗo da zagayen fili hukuncin makara tana koya wa yaro cewa gumi azaba ne, kuma wannan darasin yana zama.

'Yan mata su ne suka fi asara, tun daga JSS2 zuwa sama. Kunya, rashin wurin da ba idon maza, rashin malama mace, da tunanin cewa budurwa ba ta tsalle. Duk suna da mafita a cikin tsarinmu: fili mai katanga ko lokaci na daban, dogon wando da riga mai faɗi da ƙaramin hijabi na auduga. Igiya mai tsawon kamar mita biyu da rabi tana ba da motsi mai ƙarfi a tsakar gida, minti ɗaya tsalle minti ɗaya hutu, sau goma. Gaɗa da 'yar gala-gala ma motsi ne na gaske, kakanninsu sun yi a dandali ba wanda ya ce uffan. Lokacin al'ada ba ya hana motsi mara tsanani, yakan ma rage ciwon mara ga wasu.

Zafi, ƙura, da waɗanda za a yi wa a hankali

Daga Maris zuwa Mayu, motsi mai ƙarfi sai kafin tara na safe ko bayan biyar na yamma. Rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ya isa ya rage riƙe hankali. Ga yaro mai kilo 50 lita ɗaya ce kacal, leda biyu ta fiya wata, kuma wasan awa ɗaya a bazara yana iya fitar da ita. A sha leda ɗaya kamar awa ɗaya kafin wasa, a riƙa kurɓa duk minti 15 zuwa 20. Fitsari ya yi fari-fari, idan ya yi ja kamar shayi jiki na bin bashi. Ɗalibin da ya fara surutai ko tangaɗi ko ya faɗi a rana, jikinsa zau, a kai shi inuwa nan take, a rage masa tufafi, a kwarara masa ruwa ana fifita, a nufi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, zai shaƙe. Da azumi kuwa a mayar da motsin bayan shan ruwa ko bayan asham, a rage tsananinsa.

Mai sikila ba a hana shi motsi, amma ba a kai shi ga galabaita: ruwa da yawa, hutu akai-akai, ba gasar juriya, ba wankan ruwan sanyi da hunturu. Mai asma ya daɗe yana ɗumama jiki, abin shaƙarsa yana aljihu, ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari ya yi nasa a ɗaki. Wanda ya tashi daga zazzaɓi ya koma a hankali, idan kuma an ce saifarsa ta kumbura, ba kokawa ba ƙwallon gogayya sai ta sace. Suma a tsakiyar gudu ko ciwon ƙirji ba ragwanci ba ne, magana ce ta likita kafin a sake komawa fili. Dambe yana da ƙarfin numfashi, amma wanda ke neman gyara ƙwaƙwalwa ba ya miƙa kansa a daka. Tiramol ɗin da wasu samari ke sha don su jure gona ko fili yana toshe jin gajiya ne kawai, gajiyar tana nan, ga farfaɗiya da kamuwa da jarabar shan sa a biyo baya.

JAMB da WAEC suna faɗowa ne a tsakiyar wannan zafin, NECO ta biyo baya da farkon damina. A waɗannan makonnin ba a fara sabon atisaye, ba a kuma daina wanda aka saba. A rage shi zuwa minti 20 ko 30, a bar wasan da ake iya karya hannun rubutu. Wajen bita, bayan kowane minti 40 zuwa 45 a miƙe a yi minti biyar ana tafiya ko tsalle, waya tana ajiye. Ranar jarrabawa a karya da abin da ciki ya sani, koko da ƙosai ko ɗumame, a sha leda ɗaya ta ruwa, a yi tafiyar sauri ta minti 15 zuwa 20, a isa cibiyar da sauran lokacin da gumi zai bushe kafin a raba takarda.